Kuɗin kansul na goge bango da rage fitinar unguwa: mu nema ko mu bari?

Maman Ummi
Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina da magana, kuma ina roƙon a karanta har ƙarshe kafin a amsa. Ƙaramar hukumarmu ta nan Ingila, wato kansul, ta buɗe neman tallafi ga ƙungiyoyin unguwanni. Kowace ƙungiya za ta iya neman har fam 5,000 don aikin goge rubuce-rubucen fenti a bango da rage fitinar da ake yi a tituna. Ƙarshen wata mai zuwa za a rufe karɓar fom.

Duk mai kai yara islamiyya ya san lungun da ke bayan shaguna. Bangon nan babu inda ba a fesa wa fenti ba, har da zagin da bakina ba zai iya maimaitawa ba, yaranmu kuwa sun iya karatu, suna karantawa. Ƙasa cike da gwangwanayen iskar nan mai sa dariya da fasassun kwalabe. Da an yi magariba mata ba sa bi ta wurin, sai dai su zagaya ta babban titi, ga sanyi, ga yara a hannu. Muna da ƙungiya mai rajista, muna da asusun banki. Me zai hana mu nema? In kuma mun nema, me za mu ce za mu yi da kuɗin?

Baban Sadiq
Wa'alaikumus salam Hajiya. Ni dai kyamara. Tasi nake ja da dare, da idona nake ganin masu fesa fentin, wajen ƙarfe ɗaya zuwa biyu suke fitowa. A sa kyamara biyu da fitila mai haske, a kama mutum ɗaya a ci shi tara, sauran za su watse. Tun 2023 gwamnati ta ɗaga mafi girman tarar rubutun bango daga fam 150 zuwa fam 500. Yaron da ubansa ya biya fam 500 ba zai ƙara taɓa gwangwanin fenti ba.

Ɗan Damagaram
Hajiya Allah ya saka da alheri da kika ɗago maganar. Ƙofar ƙarfen shagona tana cikin waɗanda abin ya shafa. In goge yau, kafin mako ya zagayo sun dawo, kuma alama ɗaya ce kullum, haruffa uku da wani kambi a sama. Na kira kansul, suka ce ginin ba nasu ba ne, gyaransa na kaina ko na mai gida. Mai gida kuwa ba ya ma garin nan. Kuɗin haya da harajin shago duk ina biya, amma mai saye in ya ga ƙofar sai ya ɗauka an rufe wurin tuntuni.

Barista
Baban Sadiq, ranka ya daɗe, maganar tara gaskiya ce, amma kyamarar akwai gyara. Ƙungiya irin tamu ba za ta kafa kyamara tana ɗaukar hanyar jama'a haka kawai ba. Dokar kare bayanan mutane za ta hau kanmu: wa ke riƙe hotunan, kwana nawa za a ajiye su, wa za a ba in ya nema, ga allon sanarwa da dole a manna. Kyamarorin da kake gani a kan sanduna na kansul ne, akwai ma'aikata a ɗaki suna kallonsu. Fam 5,000 ba za ta ɗauki wannan ba. Sannan yaron da ya ja hular rigarsa ya rufe fuska, hoton me za ka kai wa 'yan sanda?

Bari in ɗan faɗi yadda kuɗaɗen nan suke tafiya, don mu san ƙofar da za mu ƙwanƙwasa. A 2020 ma'aikatar cikin gida ta buɗe asusun Safer Streets Fund da fam miliyan 25. Don sata da fasa gidaje aka fara yin sa: fitilun titi, ƙofofin rufe lungu, kyamarori. Bayan kisan Sarah Everard, matar da wani ɗan sanda ya sace a titi a Landan, a 2021 aka ware wani zagaye ga tsaron mata a tituna, a 2022 kuma aka shigar da fitinar unguwa a ciki. Irin wannan babban kuɗi galibi kansul da zaɓaɓɓen kwamishinan 'yan sanda na yanki ne suke nemansa. Kyamara da fitila a can suke. Wanda Hajiya ta kawo ƙarami ne, na aikin da mutanen unguwa za su yi da hannunsu. Kyamarar, wasiƙa za mu rubuta mu nema, wannan daban.

Injiniya
Ina bayan Hajiya, mu nema. Amma a san cewa gogewa sau ɗaya asarar kuɗi ce. Abin da ke aiki shi ne saurin gogewa, da naci.

Mai fesa alamarsa a bango so yake a gani. In ya ɓata darensa da kuɗin fenti, gari ya waye babu komai, ya sake, aka sake gogewa, zai nemi wani bangon. New York ta gwada wannan a jiragen ƙarƙashin ƙasa. Daga 1984 suka kafa ƙa'ida cewa taragon da aka riga aka wanke, in aka sake fesa masa fenti, ba zai fita aiki ba sai an goge. Zuwa 1989 sun gama da matsalar a taragu. Shekara biyar fa, ba wata biyar ba.

Kuma dattin bango yana jawo wani dattin. A birnin Groningen na ƙasar Holan an yi wani gwaji da aka wallafa a 2008. Masu binciken suka rataya takardar talla a jikin kekunan da aka ajiye a wani lungu, babu kwandon shara a wurin. Lokacin da bangon yake tsaf, kashi 33 cikin ɗari ne suka yar da takardar a ƙasa. Da aka cika bangon da fenti, sai ya zama kashi 69. Mutane iri ɗaya, lungu ɗaya.

Ɗan Damagaram, ƙofar ƙarfe ita ce mafi sauƙi, akwai maganin da ake shafawa a goge da tsumma. Bulo ne mai wahala, don yana shan fenti, kuma in aka sa masa injin ruwa da ƙarfi sosai sai fuskar bulon ta ɓare. Bayan an wanke akwai abin da ake shafa wa bango mai kama da kakin zuma. In aka sake fesawa, ruwan zafi kawai za a sa, fentin ya sauko tare da shi, a sake shafa sabo. Abin da ba na so shi ne a riƙa yi wa bango faci da fenti mai wani launi daban. Facin nan kamar allo ne aka wanke aka miƙa musu.

Ummi
Assalamu alaikum iyayena. Ku yi haƙuri zan sa baki, ni ce ƙarama a nan. Tun ɗazu maganar bango ake yi, ba a yi maganar waɗanda suke tsayawa a jikin bangon ba. Na san wasunsu, makaranta ɗaya muka yi da yayyensu. Kuma Kawu Baban Sadiq, don Allah kada ranka ya ɓaci, ba duka ne 'ya'yan wasu ba. Akwai namu a ciki. Akwai waɗanda suke zuwa sallar Juma'a tare da ku.

Lokacin da nake firamare akwai cibiyar matasa kusa da filin ƙwallo, ana buɗewa da yamma har dare. An rufe ta. Ba a unguwarmu kaɗai ba. Ƙungiyar YMCA mai aiki da matasa ta ƙididdige cewa kuɗin da ƙananan hukumomin Ingila ke kashewa kan ayyukan matasa ya ragu da kusan kashi 70 cikin ɗari tun daga 2010. Cibiyar nazarin tattalin arziki ta IFS kuma ta fitar da bincike a 2024 kan Landan, inda kusan kashi 30 na cibiyoyin matasa suka rufe tsakanin 2010 da 2019. Yaran da cibiyar kusa da su ta rufe sun fi faɗawa cikin laifi daga baya, sakamakon jarabawarsu ta sakandare, GCSE, ma ya yi ƙasa.

Yaro mai shekara goma sha biyar, gida ɗaki biyu da ƙanne huɗu, Baba yana aikin dare, Mama ta gaji. Ina zai je da ƙarfe bakwai a watan Nuwamba? In aka kashe kuɗin nan duka a fenti, bangon zai yi kyau, su kuma suna nan a lungun.

Baban Sadiq
Ɗiyata, raina bai ɓaci ba, amma ban yarda ba. Mu da muka tashi a Fagge wace cibiyar matasa muka gani? Kuma ba mu ɓata bangon kowa ba. Tarbiyya ce ta yi ƙaranci. In yaron namu ne ma ai ya fi muni, sai a faɗa wa ubansa. Ni abin da Rishi Sunak ya kawo yana firaminista a watan Maris na 2023 ya yi min daidai: fam miliyan 160, wanda aka kama ya sa riga mai ƙyalli ya goge abin da ya ɓata cikin awa 48, jama'a suna kallo.

Ɗan Damagaram
Alhaji, a Fagge kuna da dandali, kuna da ƙofar gida, kuna da maƙwabcin da zai tsawatar maka ko da bai san sunanka ba. Mu a Damagaram fada muke da ita, samari su shimfiɗa tabarma su dafa shayi har dare, dattijai suna wucewa suna ganinsu. Kuma duk da haka da zaman banza ya yi yawa mun ga yadda wasu suka rikiɗe suka zama 'yan palais, wato 'yan daba. A nan fa babu tabarma, babu ƙofar gida, sanyi ya kore kowa ciki. Ni ne aka ɓata wa shago, amma maganar yarinyar nan ta shige ni.

Anti Nas
Bari in ƙara a kan gwangwanayen da Hajiya ta ambata, don mu a asibiti muna ganin ƙarshen abin. Iskar nan tana kashe aikin sinadarin B12 a jiki, daga nan ta taɓa laka da jijiyoyi. Saurayi zai zo yana cewa ƙafafunsa sun yi nauyi, yatsu suna masa tsitsitsi, wani ma ba ya iya tsayuwa. In an zo da wuri ana samun sauƙi da allurai, in an makara wani lahanin ba ya tafiya. Tun watan Nuwamba na 2023 riƙe ta don shaƙa ya zama laifi, an sa ta a rukunin C na miyagun ƙwayoyi, amma ku duba ƙasan lungun ku gani ko ta ragu. Iyaye da yawa sun ɗauka abin wasan balan-balan ne. Ni in za a yi wani zama da yara ko da iyaye, zan zo in yi bayani kyauta.

Amma Ummi, ki kuma tuna da wanda ake takura wa. Akwai tsohuwa Baturiya da bayan gidanta ke kallon lungun, ita kaɗai take zaune. Ta faɗa min ta daina kunna fitilar ɗakin baya don kada su san tana nan. Tausayin yaran ba zai sa mu manta da ita ba.

Barista
Anti Nas ta taɓo inda yake min ciwo. Wanda bai san labarin Fiona Pilkington ba ya nema. A Leicestershire take. Shekaru samarin unguwa suna jifar gidanta, suna tsokanar ɗiyarta mai naƙasa. Ta kai ƙara wajen 'yan sanda sama da sau 30, kowane kira aka ɗauke shi a matsayin ƙaramin abu shi kaɗai, ba wanda ya haɗa su ya ga girman abin. A 2007 ta kashe kanta da ɗiyar a cikin mota.

Irin wannan na cikin abin da ya sa dokar fitinar unguwa ta 2014 ta ba mutane wata dama da yawancinmu ba mu sani ba. In ka kai ƙara sau uku cikin wata shida a kan matsala ɗaya kuma ba a yi abin kirki ba, kana da haƙƙin neman a sake duba lamarin, kansul da 'yan sanda da masu gidajen haya su zauna tare su ba ka amsa. ASB Case Review ake kiransa yanzu. Sharaɗin shi ne ƙarar ta shiga rubuce. Mu kuwa a nan muke ƙorafi, a tsakaninmu, da Hausa. A takardun hukuma lungun nan lafiya lau yake. Don Allah a riƙa kiran 101, lambar 'yan sanda ta abin da ba na gaggawa ba, ko a cika fom ɗin 'yan sanda a intanet, a karɓi lambar ƙara a ajiye. Na bango da shara kuma a ɗauki hoto a tura ta FixMyStreet, shafin da ke isar da ƙorafi ga kansul. Ko fom ɗin tallafin ma zai fi ƙarfi in muka ce ga ƙararraki kaza da aka shigar.

Baban Sadiq, tsarin awa 48 ɗin gwaji aka fara da shi a wasu yankuna. Abin da yake ko'ina shi ne Community Payback, waɗanda kotu ta yanke wa aikin al'umma ba biya, masu rigar ruwan lemo. Jama'a suna iya ba da sunan wurin da suke so a zo a gyara. Wankin farko na lungun za mu iya nema ta nan, kuɗinmu ya huta. Sannan wata dokar 2003 ta hana sayar wa ɗan ƙasa da shekara 16 fentin feshi. In akwai shagon da ke sayar musu, a sanar da kansul.

Ma'aji
Ni da nake riƙe da littafin kuɗi ga abin da zan ce. Kuɗin hukuma ba ya zuwa shi kaɗai, da takardu yake zuwa. Tsarin mulkin ƙungiya muna da shi, asusu mai sa hannun mutum biyu da ba dangi ba muna da shi. Inshorar da za ta biya in wani ya ji ciwo a wurin aikinmu ba mu da ita. In kuma za mu taɓa yara, sai da rubutacciyar ƙa'idar kare yara, kuma duk babban da zai riƙa zama da su sai an yi masa binciken DBS, wato a duba ko yana da tarihin laifi. Kowane fam sai da rasit, a ƙarshe a rubuta rahoto. Wa zai yi? Kada a tashi taro a bar min.

Na biyu, kuɗin na shekara ɗaya ne. Kada mu sa rai za a sake. Birmingham, ƙaramar hukuma mafi girma a ƙasar nan, a watan Satumba na 2023 ta ayyana cewa ba za ta iya daidaita kasafinta ba, Nottingham ta biyo baya a Nuwamba, Croydon ma tun 2020. In muka buɗe wa yara wuri muka rufe bayan shekara, mun maimaita musu abin da aka riga aka yi musu. Shi ya sa nake ganin mu haɗa da neman tallafin asusun Awards for All, suna bayarwa daga fam 300 har 20,000, kuma ana iya shimfiɗa shi a shekara biyu.

Malam Na-Zariya
Ma'aji, dakata. Awards for All ɗin nan ba kuɗin National Lottery ba ne?

Ma'aji
Shi ne, Allah gafarta Malam.

Malam Na-Zariya
To ni ba na ciki, kuma ba zan so sunan ƙungiyar da ke zama a harabar masallaci ya hau wannan takarda ba. Caca ce. Talakawa ne suke sayen tikitin nan da kuɗin cefanensu. Ba za mu hana yaro shaƙar iska da kuɗin da aka tara ta wata hanyar halaka ba. Na kansul kuwa babu komai a kansa, harajinmu ne da muke biya kowane wata yake dawowa, neman sa ma haƙƙi ne.

Anti Nas
Allah gafarta Malam, ina girmama maganarka. Sai dai ƙungiyoyin Musulmi a ƙasar nan sun rabu a kan wannan, wasu suna karɓa don aikin jama'a da ba na ibada ba, wasu ba sa karɓa. Ba gardama nake yi ba, ina dai so a san cewa in mun bar shi, to aljihunmu ne zai cike gurbin.

Malam Na-Zariya
Na sani Hajiya, kuma ban ce waɗancan ba su da malamansu ba. Amma gara aljihun namu. Ɗakin ƙasa na islamiyya babu kowa a cikinsa daren Juma'a da daren Asabar bayan isha'i. Zan yi wa kwamitin masallaci magana a ba da shi ba haya. Wannan kaɗai ya rage kuɗi mai yawa. Sharaɗina ɗaya: in an buɗe, a buɗe wa yaran unguwa duka, Musulmi da wanda ba Musulmi ba. Kuma kada a mai da shi wa'azi. Yaron da ya gudu daga karatun Asabar ba zai dawo don a ƙara masa wani ba. A sa tebur na ƙwallon tebur, a dafa shayi, a samu babba mai haƙuri ya zauna.

Ummi
Na gode Baba Malam. Wallahi wannan shi ne abin da ake buƙata. Amma a samu ƙwararren ma'aikacin matasa ko da na awa uku ne a mako, a biya shi daga tallafin. Ba raini ba ne ga iyayenmu, yaran ba za su buɗe baki gaban abokin babansu ba.

Sannan ina da shawara kan bangon kansa. Maimakon a bar shi fari, a yi masa zane mai kyau, kuma yaran su yi da hannunsu tare da mai zane na gaske. A Birmingham akwai Mohammed Ali da ake kira Aerosol Arabic, ɗan garin ne, da fentin feshi ya yi suna, ya kafa Soul City Arts, har lambar girmamawa ta MBE aka ba shi. A Landan kuma akwai ramin Leake Street a ƙarƙashin tashar Waterloo, inda aka halatta zane tun bayan bikin da shahararren mai zanen bango Banksy ya shirya a wurin a 2008. A cikin masu fesawar akwai masu hannu sosai, ba wanda ya taɓa ce musu ga wuri.

Baban Sadiq
Wato wanda ya ɓata bango a saya masa fenti da kuɗin harajina? Yaron kirki da ya zauna a gida yana karatu shi me aka ba shi? Wannan kam ban gane ba.

Injiniya
Alhaji, tambayarka tana kan hanya, kuma amsarta ita ce a buɗe wa kowa, a fara da na gidan ma. Ni ta fuskar aiki nake kallo. Masu fesa alama suna da wata al'ada a tsakaninsu ta jin nauyin hawa kan zanen da aka wahala a kansa, musamman in sun san wanda ya yi. Ba kullum ba, ana samun mai taurin kai. Shi ya sa za a shafa wa zanen abin kariya a sama. Amma kada a haɗa abu biyu: zane a bango ɗaya da aka yarda daban, buɗe lungun gaba ɗaya kowa ya fesa daban. Na biyun ban goyi baya ba, lungun ya yi kusa da gidajen mutane.

Malam Na-Zariya
In za a yi zane, kada a rubuta aya ko sunan Allah. Lungu ne, karnuka suna bi, masu maye suna tsayawa. Kuma a bar siffar mutum da dabba. Ai muna da namu. Wanda ya ga ƙofar fadar Zazzau ko tsofaffin gidajen Birni a Damagaram ya san Bahaushe ya daɗe yana yi wa bango ado. Dagi da sauran zayyanar magina sun isa.

Ɗan Damagaram
Malam ka faranta min rai. Ina da hotunan gidajen Birni a waya, zan turo.

Maman Ummi
Ni ma zayyanar ta burge ni, amma mu yi hattara. Lungun nan ba namu ba ne mu kaɗai. Akwai 'yan Pakistan, akwai Somaliyawa, akwai 'yan Poland, ga Turawan da aka haifi kakanninsu a layin. In suka wayi gari suka ga mun zana namu ba shawara, mun buɗe wata fitinar. A bi gida-gida a tambaya, kowa ya kawo adon garinsu, a fara da tsohuwar da Anti Nas ta ambata. Masu ba da tallafin ma suna son su ga an tuntuɓi maƙwabta.

Anti Nas
Akwai abu ɗaya da ba a faɗa ba. Cikin rubutun bangon akwai wanda ya ambaci Musulmi da mummunar kalma, can wajen kwanar. Tun tarzomar bazarar 2024, da aka far wa masallacin Southport, gabana yake faɗuwa in na ga irin wannan.

Barista
Wannan kada kowa ya goge shi tukuna. A ɗauki hoto da kwanan wata, a kai wa 'yan sanda a matsayin laifin ƙiyayya, a kuma sanar da ƙungiyar Tell MAMA da ta fara tattara rahoton ƙiyayya ga Musulmi a 2012. Yawancin ƙananan hukumomi suna gaggauta cire rubutun ƙiyayya, galibi cikin kwana ɗaya na aiki, ba kamar sauran rubutu ba. Tsaron masallaci kuma asusunsa daban ne. A 2024 gwamnati ta yi alkawarin fam miliyan 117 a shekara huɗu don tsaron masallatai da makarantun Musulmi, ana samun kyamara da ƙararrawa da shinge a ciki. Kwamitin masallaci ne zai nema. Baban Sadiq, ka ga wata hanyar kyamarar, ko da yake harabar masallaci za ta kalla.

Baban Sadiq
To a nema. Amma ni har yanzu ina kan bakana, zanen nan ban yarda da shi ba, kuma in an zo ƙuri'a zan ƙi. Abin da nake so a rubuta a wasiƙar kansila shi ne fitila. Fitilu biyu na lungun sun mutu tun bara. Ku yi duk abin da za ku yi, in wurin yana da duhu ba macen da za ta bi.

Maman Ummi
Fitila kam babu mai musu, ita ce farkon wasiƙar. Ga yadda na fahimci inda aka tsaya, a gyara min in na karkace. Za mu nemi na kansul, mu bar na caca. Kaso mafi girma ya tafi ga ma'aikacin matasa da daren Juma'a a ɗakin da Malam zai nema. Sauran a sayi kayan gogewa da abin shafa wa bango da inshora. Zanen a kawo shi taron Lahadi a yi ƙuri'a bayan an ji ta bakin maƙwabta. Abin da ya rage shi ne masu gogewa. Injiniya ya ce sauri da naci, to su wa za su riƙa fita da safe in an sake fesawa? Ina son sunaye, ba "Allah ya ba da iko" ba.

Injiniya
Ni na ɗauki Asabar. Kayan za su iya zama a garejina.

Ɗan Damagaram
Ni kullum ina buɗe shago da bakwai, zan riƙa leƙawa in turo hoto in an yi sabo. Na ƙarfe zan goge da kaina, na bulo sai an koya min.

Ma'aji
Fom ɗin ni da Ummi za mu cika, Barista ya duba. Amma shekara ta biyu tana nan tana jiranmu. Ina so ranar Lahadi a yi maganar ƙarin fam biyar a kuɗin wata, tun yanzu, kafin a buɗe ƙofa ga yaro ko ɗaya.

Barista
Kafin Lahadi akwai abin da dole a sani: bangon na waye? Ba za mu taɓa shi da burushi ba sai da izinin mai shi a rubuce, ko gogewa ce, balle zane. Dogon bangon ina zaton na masu shagunan ne, amma akwatin waya da ke tsakiya na kamfanin sadarwa ne, su ake kai wa ƙararsa. Zan bincika a Land Registry, ofishin rajistar filaye da gidaje, yau da dare, fam 7 ne kowace takarda. Ɗan Damagaram, turo min lambar shagonka da ta maƙwabtanka biyu ta akwatin sirri, da lambar wakilin mai gidan in kana da ita.